TUN RAN GINI TUN RAN ZANE

Yau kalma ɗaya tak nake so mu zauna a kanta, kalmar da da wuya a wuni ba a faɗe ta a gidajenmu ba, wato GINI.

In aka ce miki "wane yana gini", me ke fara faɗo miki a rai? Na san amsar. Bulo da siminti, rodi da tifar yashi, birkila bisa katako yana yi wa lebura tsawa. In kuwa aka ce wa budurwa saurayinta ya fara gini, ai har ta fara lissafin labulen falo. To ni dai a ganina an rage wa wannan kalma mudu. A bakin kakanninmu ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi damuna, a cikin abin da aka zaftare mata har da rabonmu mu mata. Shi ya sa na ce bari mu bi ta baya mu ga inda ta fito.

Mu nan Darna Sabon Gari ta ƙasar Illela, da sauran ƙasar Sakkwato har zuwa Kwanni da Adar a tsallaken iyaka, in an tambayi yaro ina babansa, sai ya ce "ya tai ginar rijiya." Bakano in ya ji sai ya yi murmushi, don shi haƙa rijiya ya sani. Amma fa shi kansa Bakanon in zai yi wa mugu gargaɗi cewa yake, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Kin ga ashe kalmar fuska biyu gare ta. Da ita ake nutsawa ƙasa, da ita kuma ake tashi sama. Mai rijiya magini ne, mai soro magini ne, mai tukwane ita ma magina ce.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga duk wadda ta tashi a tsohon gari. Ba a taɓa tayar da bango ba sai an bar rami. Ƙasar da ta zama katangar gidanku, daga bayan gari ko daga gefen unguwa aka gino ta. Kududdufan nan da ruwa ke kwanciya cikinsu da damina, waɗanda muke hana yara zuwa, kowanne kika gani to gidaje ne suka fito daga cikinsa. In kin ga kududdufi mai faɗi da zurfi, ki tabbata unguwar ta daɗe. Wato Bahaushe ya dubi aikin ya ga abu ɗaya ne, ka ɗebo nan ka ɗora can, sai ya ba shi suna ɗaya.

Ki kuma lura da abin da kalmar ta ƙi ɗauka. Bukka kafa ta ake yi. Rumfa kafa ta ake yi. Darni da zana da rudun da manomanmu ke adana albasa a ciki, duk ba wanda ke kiran su gini, ko da sun fi wani ɗakin kyau. Sai abin da aka kwaɓa ƙasa da ruwa aka tayar, shi ne gini. Har zanzaro da ke liƙa ɗan ɗakinsa a kusurwar bango, da gara mai tayar da suri, Bahaushe bai hana su wannan suna ba, tunda da ƙasa suke aiki.

Yadda ake aikin kuwa, da yawa cikin 'yan matan yanzu ba su taɓa tsayawa sun gani ba. Bayan kaka, in an kai amfanin gona gida, hannu ya sami sarari, ruwan sama ya ɗauke, sai a gino ƙasa a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana ya bushe ƙamas. Magini na zaune bisa bango ana jefa masa tubali yana cafewa yana jerawa a tsaye, ana bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon daga ƙasa kauri gare shi, yana tashi yana sirancewa, don kada nauyinsa ya kayar da shi. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba. To azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2. Wannan matsala ce ta sa maginan Hausa suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga, su ɗaure azara guntu-guntu su lanƙwaso ta daga bango zuwa bango, har a sami zaure mai faɗin da zai ɗauki fadawan sarki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. A ƙarshe a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a sa indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da gindin bango, a tayar da zankwaye a kusurwa don ado.

Da wannan ƙasa da wannan hannu aka yi tarihin ƙasar Hausa. Kalmar birni kanta ma'anarta gari mai ganuwa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano. A ƙarni na 16 Muhammadu Kanta na Kabi ya gina Surame, har da duwatsu a ganuwarta, kufanta na nan cikin Jihar Sakkwato ta yau. Kuma kada ki manta, akwai tsofaffin ganuwoyi a wurare da dama da har gobe ake kira ganuwar Amina, da sunan Amina ta Zazzau. Mace ke nan sunanta ya manne da gini mafi girma da Bahaushe ya sani.

Sakkwato kuwa a 1809 Muhammadu Bello ya kafa ta ya kewaye ta da ganuwa. Yau ganuwar ta zube kusan duka, amma sunayen ƙofofinta sun ƙi mutuwa: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, da Ƙofar Kware mai duban hanyarmu ta arewa. Za ki ji mai kabu-kabu na cewa zai kai ki ƙofa kaza, ki je ki tarar da titi da shaguna. A Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Muhammadu Durugu da ake kira Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a da bakan gizon da masana gine-gine daga ƙasashen duniya suka riƙa zuwa kallo. Har unguwa guda ke amsa sunan Babban Gwani a birnin. A wancan zamani gini sana'a ce ta gado mai sarautarta, Sarkin Magina, ba kowa ke ɗaukar ta ba.

Mu ma nan kusa muna da namu. Birnin Kwanni da ke tsallaken iyaka, wadda muke shiga kamar mu shiga unguwa, sunanta kaɗai ya gaya miki gari ne mai ganuwa. A watan Mayu na 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka auka mata, suka karkashe mutane ba adadi, suka ƙone garin. Ganuwar da aka yi don tare doki da kibiya ba ta iya da igwa ba. Shekara 4 bayan haka, a 1903, Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Tsakanin 1906 da 1908 kuma aka bi aka kakkafa alamun iyakar da ta bar Kwanni a hannun Faransa, Illela a hannun Ingila. Daga nan zamanin ganuwa ya ƙare. Amma iyakar ba ta raba hannun magina ba. Ki dubi rumbun ƙasa a ƙauyukan Illela, ki dubi na ƙauyukan Kwanni, kamar uwa ɗaya ta haife su.

To ina mata a cikin duk wannan labari? Littattafan tarihi sunan sarki suke kawowa, wani lokaci su ƙara da na babban magini. Wadda ta ɗauko ruwan da aka kwaɓa ƙasar ba a san da ita ba. Alhali kuwa in kin shiga tsakar gidan Bahaushe na da, rabin abin da idonki zai gani ginin mata ne ko kuma aikin da ya bi ta hannunsu. A wurare da dama mata ne maginan tukwane. Su ke nemo yumɓu, su kwaɓa, su kifa tsohuwar tukunya su ɗora a kai su fitar da gindi, su tayar da wuya da baki, su toya da kara da kashin shanu. Daga hannunsu randa ta fito, da tulu, da kasko, da tandar masa, da asusun da yarinya ke tara kuɗin tallarta. Murhu mace ke gina abinta. Akurkin kaji haka. Akwai kuma gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda ake sa garwashi don maijego da tsofaffi lokacin sanyi.

Sai babban aikinmu, daɓe. Ɗakin amarya ba ya zama ɗaki sai matan unguwa sun taru da madaɓansu, an zuba tsakuwa da ƙasa, ana yayyafa ruwan makuba, ana bugu ana waƙa ana zolayar juna tun safe har la'asar, har ƙasan ɗakin ya yi sulɓi yana ɗaukar ido. Na riski ƙarshen wannan zamani ina yarinya, mu ne 'yan ɗebo ruwa. Ranar daɓe duk wadda ke da magana a ciki takan fitar da ita cikin waƙa, kishiya ta ji nata, uwar miji ta ji nata, a tashi ana dariya. Maza sun tayar da bango sun rufa, amma mata ne ke mayar da shi wurin zaman mutum.

Daga baya siminti ya zo. Masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, shekarar da garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma. Can Nijar ma ga ta Malbaza, gabas da Kwanni. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 suka shigo, aka sami hanyar mota, kwanon rufi ya wadata, 'yan kasuwar kan iyaka suka fara tayar da gidajen bulo. A nan ne kalmarmu ta fara karkata. Abin da tun fil azal sunansa gini, sai ya koma ana ce masa "ginin ƙasa", ana faɗa ana yamutsa fuska, shi kuwa na bulo ya zama "ginin zamani", daga baya ma ya ƙwace sunan gaba ɗaya. Magini ya koma gefe, birkila ya hau. Roba da alminiyam suka kori tulu da kasko. Buhun siminti biyu ya kashe ranar daɓe da waƙoƙinta.

Ba ina cewa siminti bai yi rana ba. Ya yi. Ba ya son yaɓe duk shekara, ya fi jure ruwa, shara ta fi sauƙi, kunama da ɓera sun rage samun maɓoya. Wadda ta ga yadda ambaliyar 2010 ta narkar da gidajen ƙasa a garuruwan Jihar Sakkwato ba za ta raina bulo ba. Amma mu faɗi gaskiya duka. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a ƙasar nan, wace ce cikinmu ke iya zama ɗakin bulo mai rufin kwano da azahar? Bango mai kauri na ƙasa shanye zafin rana yake yi a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Shi ya sa soron kaka ke da sanyi da rana, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Ruwan randa ma ai kin san daɗinsa ranar da babu wuta.

Abin mamaki, ginin da muke jin kunyarsa shi duniya ke yabo. A ƙauyen Yama ta jihar Tawa, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara gina wa garinsu masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari suka haɗa hannu kowa da abin da zai iya. A 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake gasarta tsakanin ƙasashe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, cikin kayan tarihin duniya. Ga kuma wanda ya fi faranta mini rai. A garin Dandaji, nan jihar Tawa, wata 'yar Nijar da ta yi karatun zanen gine-gine, Mariam Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. An gama a 2018. Mata biyu ke nan, da ƙasar da muke takawa.

Yanzu bari mu dawo bakinmu na yau da kullum. A asibiti ana ce mana mu ba yara abinci mai gina jiki. A rediyo kullum ana kiran a gina ƙasa. Wadda ta yi sakandare ta tuna malamin Hausa da ginin jimla da ginin kalma. In magana ba ta da tushe mukan ce ba a gina ta kan gaskiya ba. Duk waɗannan suna nuna Bahaushe ya ɗauki gini a matsayin abin da ake ɗorawa kaɗan-kaɗan, wani bisa wani, sai na ƙasa ya bushe a sa na sama.

Amma akwai wata faɗa da nake so ki sa wa ido. Mukan ce "Alhaji wane ya gina gida", alhali ko tubali ɗaya bai taɓa ɗagawa ba. Kalmar takan bi mai suna ta bar mai wahala. Yadda ta yi wa masu ɗebo ruwan ganuwa a da, haka take yi mana yau. Mata nawa ne suka kwashe adashi, suka sayar da awaki da 'yan kunnen zinariya, suka ce "maigida ga wannan a ƙara a sayi kwano"? Na san wata baiwar Allah da kuɗin ƙuli-ƙulinta da na tumakinta suka rufa ɗakuna biyu a gidan mijinta. Da ya rasu aka zo rabon gado, ba takarda, ba shaida, dangi suka ce su dai sun san marigayi ne ya yi gini. Ta fita da tumunin da aka raba musu ita da abokiyar zamanta, kuɗinta kuwa suka bi bango. Saboda haka 'yar'uwa, taimakon miji abu ne mai kyau, kuma ina ƙarfafa ki a kansa. Sai dai tun ranar ku yi magana a fili: kyauta ce, ko rance, ko tarayya? In rance ne ko tarayya, a rubuta, a sa shaidu biyu. Wannan ba rashin yarda ba ne, rufin asirinki ne da na 'ya'yanki, shi ma kuma an sauke masa nauyi.

Ke kuma budurwa, kada ki kori mutumin kirki don an ce ɗakin ƙasa zai sa ki. Ki tambaya dai, ana kula da ɗakin? Kakata takan ce, "Ɗiyata, ɗaki awa mutum na, kowace shekara shina son sabuwar riga." Rigar kuwa ita ce yaɓe. Yawancin ɗakunan da ke faɗa wa mutane da damina sun daɗe suna ba da sanarwa. Ke da ke wuni a gida ke za ki fara gani. In gindin bango ya fara zaizayewa, ko ruwan wanke-wanke na kwanciya a jikinsa, ko indararo ya toshe, ko azara ta fara zubar da gari, ko tsaga ta fito a kusurwa, to ki matsa wa maigida tun da bazara, kafin hadarin farko. Ranar da aka kwana ana ruwa kuma, bangon da kike shakka kada ki shimfiɗa wa yara a gindinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma ta nan yake bi. Gidan bulo shi ma in an yi ƙwauron siminti ba ya da alkawari.

Masu iya magana suka ce tun ran gini tun ran zane. Maginar tukwane ta fi kowa sanin wannan, don in yumɓu ya bushe ba ya karɓar ado, sai dai ya fashe. Haka maganar kuɗinki a gidan miji, haka gyaran bango, haka tarbiyyar ɗan da ke goye a bayanki, kowanne yana da ranarsa tun yana ɗanye. In an ce gini, ki daina jin kamar zancen maza ake yi. Kakanninki mata sun yi shi da hannunsu, ke ma kina cikinsa da guminki da dukiyarki.

Allah Ya ba kowace ɗaki mai sanyi da zaman lafiya a cikinsa, Ya tsare mu da 'ya'yanmu daga faɗuwar bango, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.